Dick Roughsey, mutumin tsibiri da ya zana wa yara labaran kakanni

"Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce. Cikin littattafan da aka ba makarantarmu kyauta akwai wani mai hotuna, The Rainbow Serpent, na wani Dick Roughsey. Yaran ajina sun kusa yaga shi saboda rububi. A bango an ce marubucin ɗan asalin Ostireliya ne, cikin baƙaƙen can. Don Allah wane ne shi, kuma yaya aka yi ya zama mai zanen littafin yara? Abin da ya fi damuna shi ne, labarin yana nuna maciji ne ya yi duwatsu da koguna. Wannan tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi, ko addininsu ne? In addini ne, ya dace mutum ya kwashi abin kakanninsa ya kai kasuwa, ni kuma in karanta wa yara?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan tarbiyya. Tambayarki uku ce a ƙulle cikin ɗaya: wane ne mutumin, wane irin labari ne ya zana, sannan yana da hurumin fitar da shi ko babu. Ta ukun ce mai nauyi, amma ba za ta warwaru ba sai an bi ta kan ta farko. Ni sana'ata zanen hotunan littattafan karatu na yara da koyar da zane, kuma wannan littafi da ke hannunki yana cikin waɗanda nake ajiye wa ɗalibaina a kan tebur tun makon farko. Rububin da yaranki suka yi bai ba ni mamaki ba.

Inda ya fito

An haifi Roughsey wajen shekarar 1920 a wani ɗan tsibiri da ke manne da tsibirin Mornington, cikin mashigin tekun Carpentaria a arewacin Ostireliya, ɓangaren jihar Queensland. Ƙabilarsa Lardil, mutanen bakin teku masu kamun kifi da farautar kunkurun teku da wata dabbar ruwa da ake kira dugon, 'yar'uwar ayu. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Goobalathaldin, ma'anarsa teku lokacin da ya harzuƙa, igiyar ruwa na tashi kamar tana rawa. Daga wannan ma'ana aka ƙago masa na Turancin da kika gani a bango.

Aborijin, wato 'yan asalin Ostireliya, sun shafe fiye da shekara 50,000 a ƙasar kafin Turawan Ingila su sauka a 1788, kuma ba ƙabila ɗaya ba ce: harsunansu sun kai kimanin 250 a lokacin. Tsibirin su Roughsey yana can lungu, saboda haka Turawa ba su zauna a cikinsa ba sai 1914, da 'yan mishan na cocin Firesbiteriyan suka kafa sansani. Kin ga ke nan iyayensa sun girma ba su san Bature a matsayin mai mulki ba, shi kuwa ya buɗe ido a tsakiyar sauyin. Yana ɗan yaro aka ɗauke shi daga hannun iyaye aka kai ɗakin kwanan ɗalibai na mishan, kamar yadda aka yi wa sa'o'insa. Can ya koyi karatu da rubutu da Turanci da Baibul. Can kuma aka riƙa raba yara da harshensu da bukukuwansu, har yau harshen Lardil ya kusa ɓacewa daga bakin jama'a.

Karatun bai wuce na firamare ba. Daga nan sai aikin ƙarfi: kiwon shanu a gandayen Turawa da ke kan tudu, wato babban yankin ƙasar a ƙetaren teku, aikin jirgin ruwa, duk abin da ya samu. A wancan zamani akwai wata dokar Queensland, da aka fara kafawa a 1897 aka riƙa sabuntawa, wadda aka ce ta "kare" Aborijin ce. Ƙarƙashinta jami'in gwamnati ne ke yanke inda mutum zai zauna, ko zai yi tafiya, wa zai aura, kuma a hannun hukuma ake ajiye mafi yawan albashinsa, sai ya roƙa a ba shi. Da yawa ba su sake ganin kuɗinsu ba. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1967, da fiye da kashi 90 cikin ɗari suka ce e, aka amince a riƙa lissafa Aborijin cikin ƙidayar al'ummar ƙasar. Roughsey yana dab da shekara 50 a lokacin.

Matuƙin jirgi da ɓawon itace

A 1962 yana aikin share-share da ɗauke-ɗauke a wani masaukin baƙi a Karumba, garin masunta a bakin mashigin, sai ya haɗu da Percy Trezise, Bature matuƙin jirgin sama na kamfanin Ansett wanda shi ma yake taɓa zane. Roughsey ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya, kuma burinsa ya zama kamar Albert Namatjira.

Namatjira ɗan ƙabilar Arrernte ne daga tsakiyar ƙasar, ya shahara da zanen duwatsu da fararen itatuwa da fentin ruwa irin na Turawa, har ya gana da Sarauniyar Ingila a 1954. A 1957 aka ba shi cikakken 'yancin ɗan ƙasa, abin da aka hana danginsa. Shekara ta zagayo aka yanke masa ɗauri saboda ya ba ɗan'uwansa giya, wadda doka ta halatta masa ta haramta wa ɗan'uwan. Ya rasu a 1959. Duk ɗan Aborijin mai sha'awar zane a lokacin, Namatjira ne madubinsa, domin shi kaɗai aka gani ya ci abinci da buroshi.

Shawarar da Trezise ya ba Roughsey ita ce kada ya kwaikwayi Namatjira. Ya zana labaran Lardil, waɗanda ba wanda ya san su sai su, ya fara a kan ɓawon itace da launukan ƙasa, in hannu ya faɗa sai ya koma fenti da kyallen zane. Na daɗe ina tunanin wannan shawara, domin kullum ina fama da irin matsalar a aji. Ka ce wa yaro ya zana gida, sai ya zana mai rufin dala da bututun hayaƙi a sama, hayaƙi na murɗewa, alhali bai taɓa ganin irinsa da ido ba, a katun ya gani. Zauren gidansu da indararo da dakalin ƙofar gida ba su zo masa a rai ba, don yana ganin ba su kai a zana ba. Mutum ɗan shekara arba'in ma yana iya faɗawa wannan rami.

Sai dai a faɗi gaskiya, shawarar akwai lissafin kasuwa a ciki. Masu saye a birane suna neman abin da ya yi kama da "na gargajiya", kuma zanen ɓawo ya riga ya yi suna daga yankin Arnhem Land na arewacin ƙasar. Yadda ake yinsa a can: a ɓare ɓawon wani itace da damina lokacin da yake da ruwa a jiki, a gasa shi a wuta, a danne da duwatsu har ya miƙe ya bushe, sannan a zana da jar ƙasa da farar ƙasa da mai ruwan ɗorawa da gawayi. Su Lardil zanensu na asali ya fi yawa a jikin mutum lokacin rawa da kan kayan biki. Ɗora shi a kan ɓawo don a rataye a bango sabon abu ne gare su. Saboda haka ko matakin farko na Roughsey, wanda baƙo zai kalla ya ce tsohuwar al'ada ce, ƙirƙira ce ta zamaninsa. Trezise ya riƙa kawo masa kayan aiki yana shirya masa nune-nune, ɗan'uwansa Lindsay Roughsey ma ya shiga sana'ar, kuma a hankali Dick ya koma fenti kamar yadda aka tsara.

Mutanen biyu sun shaƙu fiye da shekara ashirin. Sun yi ta yawo a dazukan Cape York, ƙahon arewa maso gabashin ƙasar, musamman kewayen garin Laura, suna neman kogunan duwatsu masu tsofaffin zane-zane. Wanda ya taɓa zuwa Birnin Kudu ya ga shanun da ke jikin dutse zai gane irin abin da nake nufi, sai dai na Laura suna da ɗimbin yawa, an zana wani kan wani tsawon dubban shekaru. Trezise yakan hango wuraren daga sama yana tuƙi, daga baya su taka da ƙafa tare da dattawan yankin, su ji labaran da ke tattare da kowane wuri. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Littattafan

A 1971 ya fitar da tarihin rayuwarsa, Moon and Rainbow, da taimakon Trezise. Ana lissafa shi cikin na farko-farko da ɗan Aborijin ya ba da labarin kansa da kansa. Littafin yara na farko ya biyo baya a 1973, The Giant Devil Dingo, labarin Gaiya, wani ƙaton karen daji da wata tsohuwa ta dangin fara take sakawa ya farauto mata mutane, har wasu 'yan'uwa biyu suka ga bayansa. Na hannunki ya fito a 1975, kuma a 1976 majalisar littattafan yara ta Ostireliya ta zaɓe shi littafin hotuna mafi kyau na shekara. Daga 1978 sunayensu biyu suka riƙa fitowa tare a bango, farawa da The Quinkins, wanda shi ma ya ci wannan kyauta a 1979. Su Quinkin ɗin aljanu ne na duwatsun Laura: akwai Timara, dogaye sirara masu ɓuya a tsagar dutse, akwai Imjim, gajeru masu ƙaton ciki da ke tsalle a kan wutsiya suna yaudarar yara. Siffofinsu daga jikin kogunan nan aka ɗauko su.

Buɗe naki ki duba wani abu. Mutanen da ke cikin hotunan ƙanana ne, sirara, galibi ba a ma ganin fuskokinsu sosai. Abin da ya cika shafi biyu a buɗe ƙasa ce: jan turɓaya, tsaunuka, itatuwa, sararin sama. Wannan ya saɓa wa abin da masu buga littattafai suke nema a wurinmu. Ni dai sau da yawa ana dawo mini da zane a ce in ƙara girman fuska, in buɗe idanu, in sa murmushi, wai yaro ba ya bin labari sai ya ga fuska. Na taɓa gwada akasin haka da wannan littafi. Na buɗe shi gaban yara 'yan aji uku ban karanta ko kalma ba, na ce su nuna mini inda macijin ya bi. Nan take yatsu suka hau takarda, suna bin kwari da lanƙwasar tudu, suna gardama, wani na cewa ta nan ya wuce ga shaidar jikinsa. Wata yarinya ta ƙirga mutanen da ke bakin wuta ta ce saura biyu, ina suka tafi? Ba fuska ko ɗaya da ta taimake su. Ƙasar suka karanta.

Kuma haka labarin yake nufi. Goorialla, macijin bakan gizo, ya taso daga kudu yana neman mutanensa, ƙasa a shimfiɗe ba tudu ba kwari, duk inda ya ja jiki sai wuri ya sami siffa. Ya same su, ya koya musu ado da rawa. Da hadari ya taso wasu samari biyu suka rasa mafaka, ya buɗe baki ya ce su shigo bukkarsa, ya haɗiye su, ya gudu kan wani tsauni. 'Yan'uwa biyu na dangin guza suka hau suka farke cikinsa yana barci, samarin suka fito sun zama tsuntsaye masu launin bakan gizo. Da ya farka ya fusata, ya riƙa ɓantarar tsaunin yana jifa, gutsattsarin suka zama duwatsun da ake gani yau, mutane da yawa suka rikiɗe dabbobi da tsuntsaye don tsira, shi kuma ya shige teku. Jarumin littafin ƙasar Cape York ce, macijin alƙalamin da aka zana ta da shi ne.

(Abin sha'awa, mu ma muna yi wa bakan gizo kirari da masha-ruwa, kamar wani mai rai da ke shanye hadari. Ba dangantaka nake ƙullawa ba, ɗan Adam ne dai ko'ina ya ɗaga kai ya ga abu ɗaya.)

A littattafan da suka yi tare, abin da aka fi ruwaitowa shi ne Trezise ke shimfiɗa ƙasa da sama, Roughsey ya zuba mutane da dabbobi. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rage masa daraja. Ni da na san aikin ban gan shi haka ba. Ɗan mutum mai tsawon rabin yatsa, ba fuska, amma ka kalle shi ka san tsoro yake ji, ko sanɗa yake yi, ko ya gaji, wannan shi ne mafi wuya a sana'armu. Sai wanda ya yi farauta da mashi ya san yadda kafaɗa take tsayawa kafin jifa.

Tatsuniya ce ko addini?

Ba irin ta Gizo ba ce. Tatsuniyarmu da kanta take shelar cewa ƙarya ce, shi ya sa ake rufe ta da ƙurunƙus kan kusu, kuma ba wanda zai kai ki wani dutse ya ce nan Gizo ya zauna. Su kuwa waɗannan labarai kowannensu a ɗaure yake da wuri na zahiri: wannan kogi, wancan tsauni, wannan tafki. Turawa sun laƙaba musu sunan da in an juya shi zuwa Hausa zai ba da "zamanin mafarki", sunan da ke ɓatar da mutum, don ba mafarki suke nufi ba. A wurin masu su, labarin bayanin asalin duniya ne, kuma doka ce ta aure da zumunta da abin da aka hana, kuma taswira ce ta inda ruwa yake da hanyar da ake bi, kuma shaidar mallakar ƙasa ce. Wanda ya gaji labarin wuri da waƙarsa da zanensa, shi ne mai wurin. Don haka e, akwai aƙida a ciki, ko da yake da yawa daga cikinsu, har da mutanen tsibirin Mornington, sun tashi cikin Kiristanci suna riƙe da labaran a matsayin gado.

Abin da zai sassauta damuwarki shi ne labaran hawa-hawa ne. Akwai na waje, wanda ake ba yara da baƙi a bakin wuta. Akwai na ciki, wanda sai an yi wa mutum kaciya da sauran matakan girma kafin a buɗe masa, wani na maza ne kaɗai, wani na mata. Su Lardil har wani harshe na daban gare su, Damin, da ake koya wa mazan da suka kai wani mataki. Abin da ke cikin littafin yara na waje ne. Roughsey ya san iyakar, kuma a ganina wannan sani shi ne babban jarinsa, ya fi iya riƙe buroshi muhimmanci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Game da kai wa kasuwa kuwa, sai an duba abin da ke gudana kafin shi. Labaran sun riga sun shiga kasuwa tuntuni, a hannun wasu. Tun 1896 wata Baturiya, K. Langloh Parker, ta buga tarin labaran Aborijin. David Unaipon, ɗan ƙabilar Ngarrindjeri, ya tattara labaran mutanensa ya rubuta, sai aka buga su a 1930 da sunan wani Bature, William Ramsay Smith, ba a ko ambace shi ba. Sai a 2001 littafin ya fito da sunan mai shi, bayan hotonsa ya riga ya hau takardar dala 50 ta ƙasar. A 1966 babban bankin Ostireliya ya ɗora zanen David Malangi, wani mai zanen ɓawo ɗan Aborijin, a kan takardar dala ɗaya ba tare da an tambaye shi ba, daga baya aka lallashe shi da dala 1,000 da lambar yabo da kayan kamun kifi. A irin wannan yanayi, zaɓin da ke gaban Roughsey shi ne ko ya ba da labarin da bakinsa da hannunsa da sunansa, ko ya zuba ido wani ya bayar a karkace. Ga kuma yaran tsibirinsu da ɗakin kwanan mishan ya raba da hirar dare.

Akwai wani abu kuma. A 1963 Aborijin na Yirrkala, a yankin Arnhem Land, suka aika wa majalisar dokokin tarayya koke kan filinsu da aka ba masu haƙar ma'adinai, suka manna takardar a kan ɓawon itace suka kewaye ta da zanen danginsu, domin a wurinsu zanen ne hujjar. Dokar ƙasar a lokacin tana tafiya ne kan cewa Turawa sun tarar da ƙasa ba mai ita, kuma ba a rushe wannan ba sai a shari'ar Mabo ta 1992. To ki auna: shekara 17 kafin wannan hukunci, ga littafi ya shiga makarantun firamare na ƙasar yana gaya wa 'ya'yan Turawa cewa kowane tsauni yana da suna da labari da mutanen da suka san shi. Ban ce Roughsey ya zauna ya tsara haka kamar lauya ba. Amma mutumin da aka naɗa shugaban farko na hukumar fasahar Aborijin a 1973, zamanin gwamnatin Gough Whitlam, ba za a ce bai san nauyin abin da yake yi ba. Wandjuk Marika, wanda ya gaje shi a kujerar, ya shahara da fafutukar haƙƙin mallakar zane.

Inda nake da ja

Na ce ki riƙe batun Cape York. Macijin su Lardil sunansa Thuwathu, labarinsa daban: ya hana 'yar'uwarsa ta fake da jaririnta a bukkarsa ana ruwa, jaririn ya mutu, ta cinna wa bukkar wuta, ya fita yana birgima cikin azaba har jikinsa ya haƙa kogi a tsibirin. Goorialla na littafinki na mutanen Cape York ne, can kan tudu, wata ƙasa da wasu harsuna. Roughsey ya ji irin waɗannan labarai daga dattawan da suka yi yawo tare. A ma'aunin yau, masu buga littattafan Aborijin za su so a ga sunan dangin da suka mallaki labari a fili, da yardarsu, da rabonsu. Zama ɗan Aborijin kaɗai bai ba mutum labarin kowace ƙabila ba, kamar yadda zama Bahaushe bai ba ni kirarin gidan da ba namu ba. Hukuncin ko an cika wannan haƙƙi yadda ya kamata na mutanen Cape York ne, ni mai kallo ne daga nesa, ta takarda.

Kuma ba ni da bakin yin tsanani, don na taɓa faɗawa ciki. Shekarun baya na zauna da wata gwaggona, dare uku tana ba ni wata doguwar tatsuniya da ban taɓa ji a bakin kowa ba, har da waƙoƙinta. Na rubuta, na zana, na kai wa wani mai buga littattafai. Da littafin ya fito sai na ga an sa "tatsuniyar gargajiya" a ƙarƙashin take, sunana a matsayin mai zane, nata babu. Na kai mata kwafi ina ɗoki. Ta juya shafukan a hankali, ba ta iya boko ba, ta tsaya kan hoton rijiya ta ce gugan nan na roba ne, a labarinta na fata ne. Sannan ta tambaye ni a ina aka rubuta cewa daga wurin kakarta ta ji. Na rasa amsa. Laifin ba na mai bugawa kaɗai ba ne, ni ne ban sa sharaɗi ba. Tun daga ranar ba na karɓar aikin labarin baka sai an yarda a rubuta daga bakin wa aka ji shi, a wane gari.

An ba Roughsey lambar girma ta OBE a 1978. Ya rasu a 1985. Matarsa Elsie, wadda sunanta na gida Labumore, ita ma ta fitar da littafin rayuwarta a 1984. Trezise ya ci gaba da littattafan yara har ya rasu a 2005. Shekara biyu bayan rasuwar Roughsey aka kafa Magabala Books a garin Broome, maɗaba'ar da Aborijin ke mallaka, kuma masu zane irin su Bronwyn Bancroft, 'yar ƙabilar Bundjalung, suka cika kantunan littattafan yara da salon da bai yi kama da nasa ba ko kaɗan, launuka masu ƙyalli da zarge-zargen layi. Wani ɗan lura: a al'adar yawancinsu ana kauce wa kiran sunan mamaci ko nuna hotonsa na wani lokaci, shi ya sa za ki ga gargaɗi a farkon wasu littattafai da shirye-shiryen talabijin na can.

A aji

Hukuncin addini kan karanta wa yara irin wannan ba fagena ba ne, malamai na kusa da ke sun fi ni cancanta, kuma ke kika san iyayen yaranki. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda nake yi. Ba na buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", don wannan zai mayar da shi abin da ba shi ba. Nakan ɗauko taswira in nuna Ostireliya, in sa yatsa kan ƙahon nan na arewa maso gabas, in ce akwai mutanen da ke zaune nan tun kafin Turawa, ga yadda kakanninsu suka ba da labarin duwatsun ƙasarsu, ga sunan wanda ya zana. Yara suna rarrabe "haka suka ce" da "haka ne" fiye da yadda muke zato. In wani ya tambaya ko gaske ne maciji ya yi dutse, ki ba shi amsar da kika yi imani da ita kai tsaye, ba tare da yi wa masu labarin dariya ba.

Kada ki sa su kwafi hotunan, kuma kada ki sa su yi ɗige-ɗigen nan da aka fi sani da zanen Aborijin. Wancan salon na mutanen hamada ne, ya yaɗu daga ƙauyen Papunya na tsakiyar ƙasar tun 1971, ba na su Roughsey ba ne, kuma alamominsa suna da masu su. Abin da nake ba ɗalibaina bayan mun gama shi ne aikin gida: kowa ya tambayi tsohon gidansu sunan wani dutse ko kududdufi ko tsohuwar kuka a garinsu da dalilin sunan, ya zana wurin ya cika takarda, mutane ƙanana a ciki, sannan a ƙasa ya rubuta sunan wanda ya ba shi labarin. Littafin kuma ki sa masa bango na leda, ki ɗinke tsakiyarsa da zare mai ƙarfi, don irin wannan rububi ba ya barin littafi ya kai zango na biyu.